Ƙasashen da kuɗin 'yan cirani ke riƙe da su tun bayan faɗuwar gurguzu

A shekarar 2008, kuɗin da 'yan Tajikistan masu aiki a waje suka aiko gida ya kai kusan rabin duk arzikin da ƙasar ta samar a shekarar, bisa lissafin Bankin Duniya. A 2022 adadin ya sake komawa wajen rabin. Kirgistan ta daɗe tana yawo a wajen kashi 30 cikin 100. Moldova ta haura kashi 30 a 2006, Albaniya kuma ta wuce kashi 20 a farkon shekarun 1990. Ita kuwa Poland, duk da ɗimbin mutanenta da suka tafi Birtaniya da Ireland bayan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, abin da suke aikowa bai wuce kashi 2 zuwa 3 na arzikinta ba. Dukkansu daga tsarin gurguzu suka fito, dukkansu kuma sun fitar da ma'aikata. Bambancin shi ne Poland ta samu masana'antu da jarin waje da suka maye gurbin tsohon tsari, su kuwa sauran abin da ya maye gurbinsa shi ne aljihun 'ya'yansu da ke waje.

A zamanin Tarayyar Sobiyet kowace jamhuriya da rabonta na aiki. Tajikistan tana noman auduga, tana da katafaren kamfanin narka gorar ruwa a garin Tursunzoda da madatsar ruwa ta Nurek. Moldova ita ce gonar inabi, giya, taba da 'ya'yan itatuwa. Kayan ba kasuwa suke zuwa ba, ofisoshin tsare-tsare na Mosko ne ke cewa ga inda za su, kuma Moskon ce ke cike giɓin kasafin kuɗin jamhuriyoyin da ba su da ƙarfi. Da tarayyar ta watse a Disambar 1991, abu uku suka yanke lokaci guda: tallafin kasafi, mai saye, da man fetur mai araha. Kamfanin da ke haɗa wani ɓangare na injin da ake ƙarasawa a Ukraine ya wayi gari ba mai karɓar kayansa. Tajikistan ta ƙara da yaƙin basasa daga 1992 zuwa 1997, arzikinta ya ragu da fiye da rabi. Moldova tana cikin lallaɓawa durƙushewar kuɗin Rasha ta 1998 ta sake kayar da ita.

Daga wajen 2000 farashin mai ya tashi, Rasha ta shiga gine-gine, ga shi yawan matasanta na raguwa. Mutumin Tajikistan ko Kirgistan ba ya buƙatar biza, yana jin Rashanci ko da kaɗan ne, akwai jirgin ƙasa da na sama. Sai cirani ya zama sana'ar gari guda: a tafi idan sanyi ya fara raguwa wajen Maris ko Afrilu, lokacin da aikin gini ke buɗewa, a dawo wajen Nuwamba. Shi ya sa kuɗin da ke shiga waɗannan ƙasashe ke yin ƙasa a watannin farko na shekara, ya yi sama daga tsakiyarta zuwa kaka.

Abin da ɗan cirani ke biya kafin ya aika sisi

Masu lissafin kuɗin cirani sun fi kallon abin da ya iso gida. Abin da aka zaftare a hanya ya fi bayyana yadda tsarin yake. Tun 1 ga Janairun 2015, ɗan Tajikistan ko Uzbekistan da ke son aiki a Rasha sai ya mallaki takardar izini da ake kira patent, kuma matakanta a jere suke, kowanne da wa'adinsa.

A bakin iyaka zai cike katin shiga, ya rubuta cewa aiki ya kawo shi. A farkon tsarin, wanda ya rubuta ziyara ba a ba shi takardar, sai ya fita ya sake shigowa. Daga nan sai rajistar wurin kwana, wadda mai gida ne ke yin ta. Nan matsala ta farko take: masu gidajen haya da yawa ba sa son yi, don kada hukumar haraji ta san suna karɓar haya. Sai ɗan cirani ya sayi rajista a hannun dillali, a adireshin da bai taɓa takawa ba, ranar da 'yan sanda suka bincika kuma shi ne mai laifi. Cikin kwana 30 da shigowa zai kai takardun neman patent: fasfo da fassararsa mai hatimin lauya, shaidar asibiti cewa ba ya ɗauke da cutar ƙanjamau ko tarin fuka kuma ba ya shaye-shaye, inshorar lafiya, hoton yatsu, da shaidar cin jarrabawar Rashanci da tarihin Rasha da dokokinta. Wanda ya makara tarar rubul (kuɗin Rasha) 10,000 zuwa 15,000 ce. A Mosko duk wannan ana yin sa a cibiya ɗaya da ke Sakharovo, can nesa da tsakiyar birni, tafiyar da ke cin yini.

Bayan an karɓi takardar sai biyan wata-wata, wanda a doka harajin albashi ne da ake biya tun kafin a karɓi albashin. A Mosko rubul 4,000 ne a 2015, ya kai 7,500 a 2024, sannan 8,900 a 2025. Ke nan a 2025 mutum zai zuba rubul 106,800 a shekara ko ya samu aiki ko bai samu ba. Idan ya makara da biya ko da kwana ɗaya takardar ta mutu, kuma mutane da yawa ba sa sanin ta mutu sai ranar da aka tare su. Har zuwa 2025 takardar Mosko ba ta aiki a wata jiha. Dole kuma a kai wa hukuma kwafin yarjejeniyar aiki cikin wata biyu, alhali a wurin gini sau da yawa ba wata yarjejeniya, magana ce ta baki da shugaban leburori, wanda shi ma ɗan kwangila ne a ƙarƙashin wani ɗan kwangilar. Idan kuɗi ya maƙale a sama, na ƙasa ba shi da takardar da zai kai kotu. Ƙananan laifuka biyu, ko da na hanya ne, sun isa a hana mutum shiga ƙasar na shekaru, kuma dubban ɗaruruwan 'yan Asiya ta Tsakiya sun shiga wannan jerin.

Kirgistan ta tsallake mafi yawan wannan wahala da ta shiga ƙungiyar tattalin arzikin Yureshiya, wadda Rasha ke jagoranta, a Agustan 2015. 'Yan ƙasarta ba sa sayen patent, ba sa zana jarrabawa, ana karɓar takardun karatunsu. Wannan ya sa aka fi ganinsu a shaguna, gidajen abinci, tasi da kai saƙo, kuma mata sun fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da 'yan Tajikistan, waɗanda galibinsu maza ne masu aikin gini. An ga amfanin hakan nan da nan: a 2016 kuɗin da ke shiga Kirgistan ya fara farfaɗowa, na Tajikistan kuwa ya ci gaba da sauka.

Hanyar da kuɗin ke bi

Abu ɗaya da wannan yanki ya fi kusan ko'ina a duniya shi ne arahar aikawa. Kamfanoni irin su Zolotaya Korona, Unistream da Contact sun yi ta gasa har kuɗin aikawa daga Rasha ya sauko wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Matsakaicin duniya yana wajen kashi 6, na Afirka kudu da Sahara wajen kashi 8, burin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Mutum zai miƙa kuɗi da fasfo, ko ya latsa wayarsa, cikin mintuna matarsa ta karɓa a banki a Khujand ta Tajikistan ko Osh ta Kirgistan.

Arahar tana da tasiri a kan alƙaluman kansu. A shekarun 1990 kuɗin a aljihu yake tafiya, ko a hannun direba ko wani ɗan gari mai komawa, kuma babu littafin babban banki da ya gan shi. Da aikawa ta banki ta yi sauƙi sai ya fito fili. Saboda haka wani ɓangare na hauhawar da ake gani a jadawalin farkon shekarun 2000 ba sabon kuɗi ba ne, tsohon kuɗi ne da aka fara ƙirgawa. Haka abin ya kasance a Uzbekistan: kafin Satumbar 2017 akwai farashin canji na gwamnati da na kasuwar bayan fage, tazararsu kusan ninki biyu, don haka mai hankali dalarsa yake karɓa ya kai wa 'yan canji. Da gwamnatin Shavkat Mirziyoyev ta haɗe farashin, kuɗin ya fara zama cikin bankuna. Wanda ya ga yadda tazarar canjin naira ta riƙa kore kuɗin 'yan Najeriya mazauna waje daga bankuna ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

To ina kuɗin ke zuwa idan ya iso? Da farko bashi, domin tikiti da kuɗin takardu yawanci rance ne. Sai gari, mai, shayi, sukari da gawayin ɗumama ɗaki, sai magani da kuɗin makaranta. Abin da ya ragu gini ne da biki. Bikin ya yi tsada a Tajikistan har gwamnati ta yi doka a 2007 da ta taƙaita baƙin ɗaurin aure zuwa mutum 150 ta kuma ƙayyade tsawon shagalin. Masana da yawa suna kukan cewa kuɗin a ciki yake ƙarewa, ba a zuba shi a jari. Wannan kuka yana da rauni. Iyalin da suke hannu baka hannu ƙwarya, idan suka ci suka ƙoshi suka bar yarinya a makaranta, ba ɓarna suka yi ba. Bankin Duniya ya nuna talauci a Tajikistan ya sauko daga sama da kashi 80 a wajen 2000 zuwa ƙasa da kashi 30 a ƙarshen shekarun 2010, kuma kuɗin cirani na cikin manyan dalilai. Hukumar ƙididdiga ta Kirgistan ma tana fitar da lissafi biyu, talauci da kuɗin cirani da kuma in babu shi: a 2019 na farko yana wajen kashi 20, na biyu ya haura 30, kuma tazarar ta fi faɗi a kudu, irin su Batken.

Gini kuwa ba almubazzaranci ba ne ga wanda ya ga ajiyar iyayensa ta banki ta zama takarda a hauhawar farashin farkon shekarun 1990. Bulo ba ya narkewa, kuma jami'in haraji ba ya zuwa masa duba littafi kowane wata kamar yadda yake zuwa wa mai shago.

Illar tana wani wuri dabam, a matakin ƙasa. Idan dala da rubul suka yi ta kwarara, kuɗin gida yakan yi ƙarfi fiye da abin da masana'antun ƙasar za su iya ɗauka. Kayan waje su yi araha, na gida su kasa gasa, albashin lebura ya tashi saboda majiya ƙarfi sun tafi. Sai harkar da ta fi riba ta zama shigo da kaya: alkama daga Kazakistan, mai daga Rasha, tufafi da kayan gida daga Sin, waɗanda kasuwar Dordoi ta Bishkek da ta Kara-Suu suka zama cibiyarsu. Kuɗin ya shigo ta ƙofar banki ya fita ta ƙofar kwastan. A wannan fitar ne gwamnati ke cin nata rabo, ta harajin shigo da kaya da harajin saye. Ga inda gizo ke saƙar: gwamnatin da ke samun haraji daga kayan da kuɗin cirani ya sayo, wadda kuma matasan da za su dame ta da neman aiki suna Mosko, ba abin da ke matsa mata ta gyara kotu ko ta saki harkar shigo da kaya daga hannun makusantan masu mulki. A ganina wannan ne babban abin da kuɗin cirani ya yi wa sauyin tattalin arziki a waɗannan ƙasashe. Ya hana mutane faɗawa yunwa, ya kuma sa masu mulki suka iya ɗage gyare-gyare masu zafi shekara bayan shekara.

Ranar da rubul ya faɗi

A tsakiyar 2014 dala ɗaya tana wajen rubul 35. Farashin mai ya karye, takunkumin da ya biyo bayan mamaye Kirimiya ya zo, zuwa farkon 2015 dala ta haura rubul 60, a Janairun 2016 ta taɓa wajen 80. A ɗauki misalin magini mai aika rubul 20,000 a wata. A farashin 35 iyalinsa na samun kimanin dala 570, a farashin 70 kuma dala 285. Bai rage aiki ba, bai rage abin da yake aikawa ba, amma rabin cefanen gidansa ya tafi. A 2015 kuɗin da ke shiga Tajikistan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka auna da dala.

Daga nan abin ya bi jiki. Somoni, kuɗin Tajikistan, ya sauko daga ƙasa da 5 a dala zuwa wajen 8 cikin shekara biyu da ɗoriya. Bankuna sun ba da rance da dala ga 'yan kasuwar da cinikinsu da somoni ne, masu sayen kayansu kuma iyalan 'yan cirani ne. Ciniki ya tsaya, bashi ya ninka, biya ya gagara. Hukumomi suka rufe shagunan canji masu zaman kansu, a 2016 kuma babban banki ya ba da umarnin idan an aiko da rubul a riƙa biyan mai karɓa da somoni, wanda ke nufin banki ne ke yanke farashin canji ba mai karɓa ba. Manyan bankuna biyu, Tojiksodirotbank da Agroinvestbank, suka kasa biyan masu ajiya, mutane suka yi ta layi a bakin injin cirar kuɗi. Gwamnati ta zuba musu kuɗin ceto a ƙarshen 2016, amma a 2021 aka rufe su. Rancen da aka bai wa na jiki ba tare da jingina mai kyau ba yana cikin abin da ya kashe su, faɗuwar rubul ta tona asiri ne kawai.

Ana yawan cewa kuɗin cirani yana ƙaruwa lokacin da gida ke cikin wahala, don haka yana rage raɗaɗi. Wannan gaskiya ne idan matsalar ta gida ce kaɗai, kamar fari ko girgizar ƙasa. Idan ƙasar da ake ciranin ita ce kuma babbar mai sayen kayanka da mai sayar maka da mai, to duka ƙofofin tare suke rufewa.

Albaniya ta nuna wata fuskar. Bayan faɗuwar mulkin gurguzu mutane suka kwarara Girka ta kan duwatsu da Italiya ta teku. A Agustan 1991 jirgin ruwan Vlora shi kaɗai ya sauke mutum wajen 20,000 a tashar Bari. Kuɗi ya fara shigowa, amma bankunan gwamnati sun cika da bashin da ba ya biyuwa, tura kuɗi daga wani banki zuwa wani kuma yakan ɗauki kwanaki da yawa. Sai kamfanoni irin su VEFA, Gjallica, Sude, Xhaferri da Populli suka fito suna karɓar ajiya da alkawarin riba kowane wata, suna biyan tsofaffin masu ajiya da kuɗin sababbi. A 1996 gasar ta haukace har aka yi alkawarin ninka kuɗi sau uku cikin wata uku. Mutane suka sayar da gidaje da dabbobi, 'yan cirani suka zuba guminsu na shekaru. Bashin da ke kan kamfanonin ya kai kusan rabin arzikin ƙasar. Da suka fara rushewa a Janairun 1997 aka fasa rumbunan makamai, gwamnati ta rasa iko da kudancin ƙasar, mutum wajen 2,000 suka mutu, shugaba Sali Berisha ya sauka a Yuli. Kuɗin ajiya ya samu, wurin ajiye shi ne babu, hukuma kuma ta zuba ido har abin ya fi ƙarfinta.

Moldova ta raba ƙafa: maza zuwa gine-ginen Rasha, mata zuwa Italiya kula da tsofaffi a gidaje, da yawa da fasfon Romaniya wanda ya buɗe musu kasuwar aikin Turai. Ta kuma gwada jawo kuɗin zuwa sana'a. Shirin PARE 1+1 da aka fara a 2010 yana ba ɗan cirani ko ɗan uwansa na jini leu (kuɗin Moldova) ɗaya a kan kowane leu da ya zuba a kasuwanci, har zuwa wani iyaka, bayan ya halarci horo ya kawo tsarin kasuwancinsa. An samu gonaki, rumbunan sanyi da ƙananan masana'antu ta wannan hanya, sai dai abin ɗigo ne idan aka auna da yawan kuɗin da ke shigowa. A 2014 kuma aka sace kimanin dala biliyan ɗaya daga bankuna uku na ƙasar, kusan kashi 12 na arzikinta, abin da ya isa ya sa duk mai kuɗi a Padua ko Bologna ta Italiya ya sake tunani. Babbar asarar Moldova da Albaniya yanzu mutane ne. Ƙidayar Albaniya ta 2023 ta samu mutum miliyan 2.4, alhali a 1989 sun haura miliyan 3. Idan mace ta samu takardun zama ta ɗauke 'ya'yanta, kuɗin da take aikowa ya ragu zuwa na tsohuwa ɗaya a ƙauye, ranar da tsohuwar ta rasu kuma ya tsaya.

Tajikistan ba ta kai nan ba tukuna saboda haihuwa na da yawa, al'ummarta ta ninka daga wajen miliyan 5 a 1991 zuwa sama da miliyan 10. Amma tana da yarjejeniyar zama ɗan ƙasa biyu da Rasha, kuma a 2022 kaɗai mutanenta sama da 170,000 suka karɓi fasfon Rasha. Fasfon yana kawar da patent da tsoron kora, yana kuma kawo rajistar soja, a lokacin da ake yaƙi a Ukraine.

Yaƙin ya ba masu hasashe kunya. A Maris 2022 Bankin Duniya ya yi tsammanin kuɗin zai ragu sosai a Tajikistan da Kirgistan, sai ga shi ya ƙaru. Rubul ya yi ƙarfi a tsakiyar shekarar har dala ta sauko ƙasa da 60, ɗaukar soja da ficewar Rashawa sun jawo ƙarancin ma'aikata, albashi ya tashi. A Armeniya da Jojiya alƙaluman sun kumbura da kuɗin Rashawan da suka ƙaura suna tura wa kansu, wanda ba kuɗin cirani ba ne ko da yake a shafi ɗaya ake rubuta su. Hanyoyin aikawa kuma suka fara tsukewa: Western Union ta dakatar da aiki a Rasha a 2022, Amurka ta sa wa Unistream takunkumi a 2023, Contact ta tsaya a Fabrairun 2024 da aka ƙwace lasisin bankin Qiwi.

Bayan harin da aka kai zauren wasanni na Crocus da ke gefen Mosko ranar 22 ga Maris 2024, wanda ya kashe sama da mutum 140 aka kuma tuhumi 'yan Tajikistan da kai shi, sai samame da mayar da mutane daga filin jirgi suka yawaita, jihohi da dama suka hana masu patent aikin tasi, kai saƙo da sayar da abinci. Daga Fabrairun 2025 aka buɗe rajistar waɗanda takardunsu suka lalace, wanda sunansa ya shiga ciki ana taƙaita masa cirar kuɗi a banki, ba ya tuƙi, ba ya ɗaura aure a hukumance. Uzbekistan da Kirgistan da Tajikistan suna neman wasu ƙofofi, aikin masana'antu a Koriya ta Kudu da tsinkar 'ya'yan itatuwa a gonakin Birtaniya, inda albashi ya fi amma guraben dubbai ne, ana kuma buƙatar jarrabawar harshe ko biza. Masu aiki a Rasha kuwa miliyoyi ne.